Direban kai kaya mai zaman kansa a Birtaniya: ya yi rajistar VAT ko ya bari?

Yawancin direbobin da ke kai kaya gida-gida a Birtaniya, doka ba ta tilasta musu rajistar VAT ba, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima. Tilas yana hawa kan mutum ne idan cinikinsa ya haura fam 90,000 a cikin wata 12 da suka wuce, iyakar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2024 bayan ta yi shekaru a kan fam 85,000. Ciniki ake dubawa, wato duk abin da aka biya ka kafin ka cire mai da gyara da inshora, ba riba ba. Kuma ba shekarar haraji ake jira ta ƙare ba, ƙarshen kowane wata ake waiwayar wata 12 na baya. Mutum ɗaya da mota ɗaya, ko kullum yana bisa titi, da wuya ya taɓa wannan adadi. Wanda ya ɗauki wasu direbobi a ƙarƙashinsa, kuɗin aikinsu yana biyowa ta hannunsa, shi ne zai iya tsallake iyakar bai ankara ba, kuma shi ba shi da zaɓi: kwana 30 gare shi daga ƙarshen watan da ya haura ya sanar da HMRC, hukumar harajin ƙasar.

Saura kuwa, ganin dama ne. Doka ta yarda wanda bai kai iyakar ba ya yi rajista da kansa, kuma kyauta ake yi a shafin gwamnati. Hanya uku ke gaban direba: ya zauna ba rajista, ko ya yi rajista ya bi tsarin gama-gari, ko ya yi rajista ya shiga tsarin ƙayyadadden kaso. Na ga ana yawan tattauna ukun kamar bambancinsu na ɗanɗano ne, alhali akwai tambaya ɗaya da ta riga su duka, wadda amsarta ke iya mayar da riba asara.

Wa ke biyanka, kuma idan ka yi rajista zai ɗora maka VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin aikinka, ko cewa zai yi harajin yana cikin abin da yake ba ka tun farko?

Dalilin da ya sa wannan ta fi komai nauyi shi ne yadda harajin yake tafiya. Mai rajista yana karɓar VAT daga wanda ya yi wa aiki, ya miƙa wa hukuma, ya cire wanda shi ma ya biya a kan kayan sana'arsa. Idan kamfanin jigila ne mai rajista yake ba ka aiki, ƙarin kashi 20 ɗin ba ya yi masa ciwo, domin shi ma zai karɓo abinsa daga HMRC. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa damuwa, wasu ma su ke nuna wa direba hanyar. Amma idan kwangilarka ta ce kuɗin da aka yanka maka ya haɗa da kowane haraji, to daga aljihunka zai fito. A ɗauki direban da ake biya fam 30,000 a shekara, ba ƙari. Ranar da ya yi rajista, kashi ɗaya cikin shida na kuɗin nan, fam 5,000, ya zama na hukuma a tsarin gama-gari. Ko ya cire VAT na fam 1,400 da ya biya a kan mai da gyara, ya yi asarar fam 3,600. A ɗaya tsarin ma fam 3,000 zai bayar. Babu dabarar da za ta gyara wannan lissafi. Haka abin yake ga wanda masu gida ne abokan cinikinsa, mai kwashe kayan ƙaura ko kai kujeru da firiji: su ba su da inda za su karɓo harajin, don haka ko ka tsawwala musu farashi su koma wurin wani, ko ka haɗiye asarar. Ga irin waɗannan, shawarata a fili take, kada su yi rajista sai doka ta tilasta.

Saboda haka kafin ka taɓa fom, ɗan'uwa, ka nemi amsa a rubuce daga mai ba ka aiki. Maganar baki a wurin lodi ba ta isa ba. Ka karanta kwangilar da idonka, ka nemo inda aka yi zancen VAT.

Idan amsar ta zo cewa za a ɗora maka a sama, to nan ne kwatancen gaske ya fara. Bari mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe, kuma alƙaluman na misali ne kawai, kowa ya sa nasa: ciniki fam 30,000 a shekara, VAT a kai fam 6,000, abin da ke shiga asusu fam 36,000.

Wanda bai yi rajista ba, fam 30,000 ɗinsa yake karɓa, ya biya mai da taya da gareji da harajinsu a ciki, ba ya karɓo ko kwabo. Abin da ya samu shi ne kwanciyar hankali: ba rahoton wata uku-uku, ba tarar makara, sai rahoton harajin kuɗin shiga da ya saba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke dawowa gida a gajiye bayan ya tsaya a ƙofa sama da ɗari, kuma ban raina wanda ya zaɓe shi ba. Sai dai ya san cewa hutun nan yana da farashi, kuma ana iya lissafa shi.

A tsarin gama-gari, duk fam 6,000 ɗin na hukuma ne, amma kana cire harajin da ka biya. Hanya mai sauƙi ta gane shi: a kan duk abin da aka caje ka kashi 20, kashi ɗaya cikin shida na jimillar rasit ɗin shi ne VAT. Direba mai motar kansa da ya kashe fam 6,000 a dizal, fam 1,800 a gyara da taya, fam 600 a waya da ƙananan kayan aiki, ya kashe fam 8,400, harajin ciki fam 1,400. Zai miƙa fam 4,600, ribar rajistarsa fam 1,400. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan kuɗin da ba su da VAT a ciki ko kaɗan. Inshorar ɗaukar kayan mutane, wadda tana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin direba, babu VAT a kanta, wani haraji ne daban na inshora kuma ba a karɓo shi. Harajin mota na shekara babu. Kuɗin shiga tsakiyar Landan da na yankin taƙaita hayaƙi babu. Tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba, balle ita. Makanikin unguwa da ba shi da rajista, shi ma rasit ɗinsa ba zai dawo maka da komai ba. Saboda haka mutum yana iya ganin kuɗi na fita kamar ruwa, amma abin da zai karɓo bai taka kara ya karya ba.

Tsarin ƙayyadadden kaso ya bi wata hanya dabam. Kana karɓar kashi 20 ɗin daga kamfani yadda aka saba, amma abin da za ka ba hukuma kaso ne tsayayye da aka yanka wa sana'arka, ba ka kuma cire harajin mai ko na gyara. Ga masu sufuri da jigila, har da masu kai saƙo, kason shi ne 10 cikin 100. A kula sosai a nan: a kan jimillar da ta haɗa da VAT ake ɗora shi. Kashi 10 na fam 36,000, ba na fam 30,000 ba. Zai biya fam 3,600, fam 2,400 su zauna a hannunsa. A shekarar farko ta rajista ana rage maki ɗaya, kason ya koma 9, ya biya fam 3,240, ya riƙe fam 2,760. Ana shiga tsarin idan cinikin da ake sa rai bai wuce fam 150,000 a shekara ba, ban da VAT, wanda kusan kowane direba yana ciki.

Ga mai motar kansa a misalinmu, ƙayyadadden kaso ya fi da fam 1,000, kuma aikin rubutu ya fi sauƙi. Akwai ma'aunin da kowa zai iya gwada kansa da shi. Abin da wannan tsari ke bar maka daidai yake da kashi 8 na cinikinka kafin haraji. Kafin tsarin gama-gari ya kamo shi, sai kuɗin da kake kashewa a kan abubuwa masu VAT ya kai kashi 48 na cinikin, wato fam 14,400 a kan fam 30,000. Mai motar kansa ba kasafai yake kaiwa nan ba.

Mai hayar mota kuwa yana iya wucewa. A ƙara wa misalin hayar mota ta fam 9,600 a shekara da VAT a ciki, kuɗin da aka kashe ya zama fam 18,000, harajin ciki fam 3,000. Yanzu gama-gari ya fi da fam 600. Hayar mota hidima ce a idon doka, ba saye ba, don haka a ƙayyadadden kaso ba za ka karɓo komai a kanta ba komai tsadarta. Wani abu kuma da ke cutar masu haya: sau da yawa kamfani yana cire kuɗin motar ne kafin ya turo sauran. Direba sai ya ɗauka abin da ya shigo asusunsa shi ne cinikinsa, ya ɗora kashi 10 a kai. Ba haka ba ne. A kan cikakken kuɗin aikin ake lissafi, kafin a cire komai. Wanda ya yi shekara biyu yana lissafi a kan ragowa, bashi yake tarawa bai sani ba. Ka duba takardar hayar kuma ka ga nawa ne ainihin VAT ɗin da aka rubuta, domin abin da aka rubuta a takarda shi kaɗai za ka iya nema.

Yanzu ga ramin da ya fi kowanne zurfi a wannan tsari. Tun 1 ga Afrilun 2017 akwai ƙa'idar masu ƙarancin kashe kuɗi. Idan kayan da ka saya don sana'a ba su kai kashi 2 na cinikinka ba, ko sun kai amma ba su kai fam 1,000 a shekara ba, kasonka ya tashi daga 10 ya koma 16.5. A misalinmu fam 5,940 ke nan daga cikin fam 6,000. Fam 60 ya rage maka a shekara, ladan cike rahoto huɗu. Kuma kaya ake nufi, abin da ake taɓawa: kuɗin akanta, kuɗin layin waya, haya, inshora, duk ba sa shiga. Abincin da ka ci a hanya ba ya shiga. Babban kayan aiki kamar motar kanta ba ya shiga. Ga yawancin sana'o'i man mota ma ba ya shiga, amma an keɓe masu sufuri da ke aiki da motarsu ko wadda suka yi haya, su nasu man yana shiga lissafi, matuƙar don aikin aka saye shi. Wannan keɓewar ita ce ta sa tsarin yake da amfani ga direban motar kaya, tunda mansa kaɗai ya wuce fam 1,000 nesa ba kusa ba. Amma mai kai abinci a kan keke fa? Ko wanda kamfani ke zuba wa mai da katinsa, shi bai sayi komai ba? Su a 16.5 za su faɗa. Kuma ba sau ɗaya ake gwajin ba, kowane rahoto da nasa: a wata uku, fam 250 ne mafi ƙaranci. Watannin da ka yi tafiya ko ka kwanta rashin lafiya, kason zai iya canzawa. Cikakken bayanin yana cikin sanarwar VAT mai lamba 733, kuma ya cancanci zaman awa guda kafin ka sa hannu.

Sayen mota shi ne abin da ke jawo mutane da yawa, kuma da gaskiyarsu. Motar kaya ta fam 18,000 da VAT a ciki tana ɗauke da harajin fam 3,000, kuma a tsarin biyu duka ana karɓo shi, domin ƙayyadadden kaso ya yarda a nemi harajin babban kayan aiki idan saye ɗaya ya kai fam 2,000. Har wanda ya riga ya sayi motar kafin rajista yana da hanya: kayan da aka saya cikin shekara 4 da suka wuce kuma har yanzu suna hannu ana aiki da su, da hidimomin wata 6 na baya, ana iya neman harajinsu a rahoton farko. Sharaɗin shi ne takardar saye mai lambar VAT ta mai sayarwa. Motar da ka saya hannu da hannu daga wani mutum, babu haraji a cikinta da za a dawo maka da shi. A tsarin gama-gari kuma, idan kana amfani da motar don harkokin gida, rabon aiki kawai za ka nema. Ƙaramar motar hawa, irin wadda masu kai ƙananan ƙunshi da yamma ke amfani da ita, dokarta ta fi tsauri: ba a karɓo harajin sayenta sai an nuna ba a hawanta don buƙatar kai ko kaɗan, abin da da wuya mai zaman kansa ya iya nunawa.

Kuɗin motar nan kuma yana da igiya a ƙafa. Ranar da za ka sayar da ita, sai ka ɗora VAT a kan farashin ka miƙa wa hukuma. Ranar da za ka soke rajista tana hannunka, za a lissafa harajin darajarta ta lokacin, idan ya haura fam 1,000 ka biya. Wanda ke shirin yin aikin wata takwas ya koma wani abu, ya sa wannan a lissafinsa tun yau.

Akwai wani abin da nake so kowane mai sana'a biyu ya ji da kyau. Rajistar mai zaman kansa tana hawa kan mutum ne, ba kan sana'a ɗaya ba. Idan kana kai wa kamfani kaya ranakun aiki, Asabar kuma kana kwashe wa mutane kayan ƙaura, ko kana sayar da kaya a intanet, duk sun shiga ƙarƙashin lambar nan. Ba za ka ce wannan da VAT, wancan babu ba. A ƙayyadadden kaso abin ya fi haka zafi, domin har kuɗin hayar gida da ka bayar da sunanka yana shiga jimillar da ake ɗora kason a kai, alhali ɗan hayar bai ba ka haraji ba. Albashin aikin da aka ɗauke ka a matsayin ma'aikaci shi bai shiga ba. Ga mai ƙafa biyu, ribar gefe ɗaya tana iya narkewa a ɗaya gefen, sai an haɗa su a takarda ɗaya kafin a gane.

Ribar ma ba duka ce taka ba. Fam 2,400 ɗin suna ƙaruwa a kan ribar sana'arka, harajin kuɗin shiga ya hau kansu. Ga mai biyan kashi 20 a Ingila, da kashi 6 na inshorar ƙasa da masu zaman kansu ke biya, abin da zai rage kusan fam 1,776 ne. Daga ciki a cire kuɗin manhajar aika rahoto, da ƙarin da akanta zai nema idan shi zai riƙa cike maka rahoto. Ka tambaye shi farashin kafin ka yanke shawara. Abin da ya saura bayan wannan shi ne ainihin ladan wahalar, kuma ga mai cikakken aiki har yanzu kuɗi ne mai auki. Ga mai fita kwana biyu a mako, da cinikin fam 8,000 a shekara, kashi 8 fam 640 ne kafin a cire komai, ni kam ba na ganin ya kai a ɗauki nauyin.

Nauyin kuwa ga shi. Tun Afrilun 2022 duk mai rajistar VAT, har wanda ya yi don ganin dama, dole ya ajiye lissafinsa a kwamfuta ko waya ya aika rahoto ta manhajar da ke magana da na'urar HMRC. Yawanci rahoto huɗu ne a shekara, kowanne wata ɗaya da kwana 7 bayan ƙarshen zangon: zangon da ya ƙare 31 ga Maris, 7 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta rahoto da ta biya. Ko ba ka yi aiki ba sai ka aika. Daga Janairun 2023, kowace makara maki ɗaya ne, maki 4 ya jawo tarar fam 200, kowace makara bayan nan wata fam 200. Makarar biya tana da nata hukuncin da kuɗin ruwa. Takardu kuma shekara 6 ake ajiye su, rasit ɗin gidan mai kuwa rubutunsa gogewa yake yi, gara a ɗauki hotonsa tun a mota. Wani abu da ke rage nauyin wannan hujja shi ne harajin kuɗin shiga ma ya kama wannan hanya: masu cinikin sama da fam 50,000 daga Afrilun 2026, sama da fam 30,000 daga Afrilun 2027. Manhaja tana zuwa wa direbobi da yawa ko da VAT ko babu.

Amma abin da ya fi kayar da mutane ba manhaja ba ce. Kuɗin ne. Fam 6,000 na shigowa a hankali, mako-mako, a cakuɗe da kuɗin aiki, ido yana ganinsu a asusu kamar naka. Ba naka ba ne, amana ce ka riƙe wa hukuma. Mota ta lalace, haya ta zo, an aika wa gida, ranar biya ta iso babu. Idan ka san ba za ka iya buɗe asusu na biyu ka riƙa tura kason hukuma ranar da aka biya ka ba, to zama ba rajista ya fi maka alheri fiye da kowane lissafi da na yi a sama. Ina faɗin haka da gaske, domin bashin haraji yana hana barci, kuma mai zaman kansa da dukiyarsa ta kansa yake amsawa.

A taƙaice dai ga inda na tsaya. Mai motar kaya tasa, mai sayen mansa, wanda kamfani mai rajista ke biya da VAT a sama, kuma ba shi da wata sana'a da masu gida: ya yi rajista ya shiga ƙayyadadden kaso. Mai hayar mota da tsada ya zauna da rasitan wata uku ya gwada ma'aunin kashi 48, ya bi abin da ya nuna. Ana iya fita daga ƙayyadadden kaso, amma sai an yi wata 12 kafin a sake shiga. Mai keke, mai ƙaramar mota na ɗan lokaci, da duk wanda kuɗinsa ya haɗa da haraji tun farko, su bari.

Wanda ya yanke zai yi, ya kula da tsakanin ranar da rajista ta fara aiki da ranar da lambar ta iso, domin takan ɗauki makonni. Harajin yana hawa kanka daga ranar farko, amma ba ka da ikon rubuta VAT a takardar neman biya sai lambar mai alƙaluma 9 ta zo. Ka shirya da kamfanin tun kafin ka nema cewa za su biya na wannan tsakanin idan ta fito. Kamfanonin jigila da yawa su ke rubuta wa direba takardar biyansa da kansu, kuma doka ta ce sai da yarjejeniya tsakaninku, sannan kai ma kada ka sake rubuta wata a kan aikin. Ka tura musu lambar ranar da ta zo, ka duba takardar biya ta gaba layi-layi ka tabbatar lambarka tana kai kuma an ɗora kashi 20 ɗin, haka kuma ka sanar da su nan take duk ranar da ka soke rajistar.